Baƙon da Ya Zo Zama

Lacca a kan karɓar baƙi, wadda aka gabatar a taron shugabannin ƙungiyoyin farish



An ce in yi magana a kan karɓar baƙi a farish. Na san akwai wanda tun da ya ji taken ya ce a ransa, to me za a koya wa ɗan Arewa game da baƙo? Ban ga laifinsa ba. A ƙasar nan yaro ɗan shekara bakwai ya san abin yi idan aka yi sallama a zaure: ya shimfiɗa tabarma, ya ruga ya kawo ruwa. Ba a tambayar mutum abin da ke tafe da shi sai ya jiƙa maƙoshi, an gaisa, an tambayi mutanen gida da gajiyar hanya. Uwar gida ta sa a kama kazar da take tattali, yara su kwana da miyar kuka, baƙo ya ci nama. In zai tafi a raka shi har bakin hanya, a cusa masa ƙunshin daddawa, a ce ya gaida gida. Fataken da suka riƙa bin hanyar Kano zuwa Gwanja neman goro da wannan al'ada suka rayu. Kowane zango da fatomansa, shi zai ba su masauki, ya ajiye musu kaya, ya nemo masu saye, ya tsaya musu in rigima ta taso. Mu ne muka ce baƙonka annabinka.

Sai dai ku lura, duk karamcin nan an gina shi ne bisa sanin cewa baƙo zai tafi. Shi ya sa muke cewa baƙo raɓa ne. Kazar ta dare ɗaya ce. Ranar da ya sauke kaya ya ce ya zo ke nan, yana neman gona, yana neman aure, 'ya'yansa za su shiga makaranta tare da namu, gobe kuma zai sa baki a shawarar gari, a ranar fuska ke sauyawa. Kun san mutanen da kakanninsu suka sauka a Sabon Garin Kano ko na Zariya tun zamanin da jirgin ƙasa ya iso, jikokin ba su san wani gida ba, amma in sun je neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma sai a ce su koma garinsu. Abin da Ibo ke gani a Kano shi Bahaushe ke gani a Jos, shi Tibi ke gani a Nasarawa. Kowace ƙabila tana yi wa wata, wata kuma tana yi mata. Baƙo mai wucewa kam mun iya shi. Wanda ya zo zama ne ya gagare mu.

To, mafi yawan masu shigowa ƙofar cocin nan masu zama ne. Ga ɗan sandan da aka yi wa canjin wurin aiki, ga malamar asibiti, ga ɗalibin da zai yi shekara huɗu a garin nan, ga amaryar da aka auro daga wata dayosis. Ga magidancin da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, ya kama ɗaki ɗaya a bayan gari shi da iyalinsa. Ga wanda ya karɓi baftisma danginsa suka juya masa baya, ba shi da sauran dangi sai mu. Ruwan sanyi da tafi ba za su ishe su ba. Abin da na zo in faɗa yau shi ne, a farish ba a gama karɓar mutum ba sai ranar da ya daina zama baƙo: an san sunansa, ana jin rashinsa in bai zo ba, an kuma damƙa masa wani abu na gidan ya riƙe.

Dokar Ikilisiya ma haka ta tsara. A kundin dokokin da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1983, doka ta 518 ta nuna cewa a bisa ƙa'ida farish yanki ne na ƙasa, kuma duk mai bi da ke zaune a yankin ɗan farish ne. Ba ta tambayi yarensa ba. Ba ta tambayi ko ubansa ya ɗauki bulo ranar da ake gina coci ba. Doka ta 529 kuma ta ɗora wa Fada nauyin sanin jama'arsa, da ziyartar gidajensu, da neman matalauta da masu kaɗaici da waɗanda aka raba da ƙasarsu. Fada ɗaya mai ƙananan majami'u goma sha wani abu a ƙauyuka, ga hanya ba kyau, ga tsoron masu garkuwa, ba zai iya wannan nema shi kaɗai ba. Dole aikin ya sauko kanmu.

Kuma kafin wani ya ɗauki kansa maigida mai yi wa baƙo alfarma, mu tuna yadda muka samu kanmu a nan. A watan Fabrairun 1907 Fada uku na ƙungiyar 'yan mishan ta SMA, Oswald Waller da Joseph Mouren da Ernest Belin, suka isa Shendam a Jihar Filato ta yanzu. Ba su da gida, ba su jin yaren mutane. Sarkin Goemai ne ya karɓe su ya ba su wurin zama, shi kuwa ba Kirista ba ne. Ku tambayi tsofaffin kowace majami'a ta ƙauye, za ku ji irin wannan labari: wani ya ba katekis na farko ɗaki, wani ya yanka fili daga gonarsa, sau da yawa mai bin addinin gargajiya ne ko Musulmi. Ikilisiya a ƙasar nan baƙuwa ce da aka yi wa karamci har ta zauna. Masu cewa "cocinmu ne, mu muka gina shi" sun faɗi gaskiya game da bulo da kwano, Allah ya saka musu. Amma Fada kansa, gobe Bishop zai iya ɗauke shi ya kai wani wuri. Dattijon da ya fi kowa daɗewa a bencin gaba shi ma gayyatarsa aka yi. A gaban bagade mai gayya ɗaya ne, Almasihu.

Mu fara daga ƙofa, tunda a nan ake fara yanke mana hukunci.

Tun ranar Kirsimetin 2011 da bam ya tashi a cocin Waliyiya Tereza a Madalla, sai na cocin Waliyiya Rita a Malali cikin Kaduna a watan Oktoban 2012, har zuwa kisan da aka yi a Owo ranar Fentikos ta 2022, ƙofar coci a Najeriya ta sauya kama. Ganguna cike da siminti, sandar ƙarfe, na'urar bincike mai ƙara, dokar hana shiga da manyan jakunkuna. Ba ni da ja a kan ko ɗaya. Wanda ya taɓa ɗaukar gawa a harabar coci ba zai ce a bar ƙofa a buɗe a yi barci ba, kuma samarin da ke wannan aiki cikin rana da ruwa, ba albashi, sun cancanci godiya.

Amma ku tsaya a gefe wata Lahadi ku kalli yadda abin ke gudana a cocinan garuruwanmu. Mace ta zo goye da yaro, tana jan wani da hannu, zanenta ya koɗe. A ka tana ɗauke da jakar bakko, domin ɗakin da aka ba ta aro ba shi da makulli, duk abin da ta mallaka yana cikin jakar. Saurayi ya tare ta da sanda: "Ke! Ina za ki? Ba a shiga da kaya." Ko sannu babu. Ta sauke, ya birkice tsummokaranta a gaban jama'a. A daidai lokacin mota mai baƙin gilashi ta tsaya, aka ɗaga sandar ƙarfe da hanzari, har da sara wa mai ita, ba wanda ya ce ya buɗe but. In dai maganar tsaro ce, bam ɗin Madalla da na Malali duk a mota aka kai su. Wasiƙar Yaƙub sura ta 2 ta riga ta zana wannan hoto: mai zoben zinariya an kai shi kujera mai kyau, mai tsumma an ce ya tsaya can. Yaƙub bai ɗauki abin ƙaramin kuskure ba, zunubi ya kira shi.

Bincike bai hana gaisuwa ba. "Sannu da zuwa, Mama. Yi haƙuri za mu duba jakar, kowa muke dubawa." Mace ta duba mace, a gefe, a kuma tanadi inda za a ajiye kaya a ba mutum lamba. Sa'an nan maganar ta zama gaskiya, a duba kowa ɗin, har shugaban majalisar farish. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ba ta cin ko kwabo a asusun coci.

Ikilisiya ta daɗe da sanin ƙofa ba wurin tura wanda aka rasa aikin ba shi ba ne. Wasiƙar Paparoma Korneliyus ta wajen shekara ta 251 ta lissafa masu ƙofa cikin ma'aikatan cocin Roma, a zamanin da ake farautar Kirista, kuma cocin na ciyar da gwauraye da mabukata sama da 1,500. Muƙamin mai ƙofa ya ci gaba da zama ɗaya daga matakan da ake bi kafin a zama Fada har 1972, lokacin da Paparoma Bulus na Shida ya sake tsarin. Waliyi Benedik, a ƙa'idar da ya rubuta wa sufaye a Italiya a ƙarni na 6, ya keɓe babi guda ga mai ƙofa. Ya ce a sa dattijo mai hankali, wanda ya iya karɓar saƙo ya iya mayar da amsa, wanda shekaru suka hana shi yawo, a kuma ba shi saurayi ya taimaka masa. Mu mun juya abin, samari zalla a ƙofa, dattawa na ciki suna fifita. Ina ganin kowace ƙofa tana buƙatar uwa ɗaya daga ƙungiyar mata ta Zumunta ko dattijo ɗaya, wanda aikinsa kawai ya dubi fuskoki ya gane wadda bai sani ba. Waliyiya Josephine Bakhita, 'yar Darfur da aka sace tana yarinya aka yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu, ta yi shekaru tana tsaron ƙofar gidan Sistoci a garin Schio na Italiya kafin rasuwarta a 1947. A ƙofar nan mutanen garin suka san ta har suka riƙe ta tamkar uwarsu. A 2000 aka sa ta cikin waliyai.

Baƙo ya wuce ƙofa, ya sami wuri. Bayan sanarwa sai a ce masu sujada da mu karo na farko su tashi tsaye. A tafa musu, mawaƙa su yi 'yar waƙa, na kusa ya miƙa hannu. Madalla. Misa ta ƙare, kowa ya nufi taron ƙungiyarsa, waɗannan a ajin makaranta, waɗancan a bayan gidan Fada. Baƙon ya tsaya a gindin darbejiya yana latsa waya don kada a ga ba shi da abokin magana, daga nan ya sulale. Haka Lahadi ta biyu da ta uku, yanzu ma ba tafi, tunda ba karo na farko ba ne. Wata rana maƙwabcinsa ya ja shi wani coci, can aka karɓi lambarsa, ranar Talata aka kira shi, ranar Alhamis mutum biyu suka zo har ɗakinsa. Mu kuma mu zauna muna cewa ana sace mana tumaki.

A Littafin Farawa sura ta 18, labarin da 'yan'uwanmu Musulmi ma suka sani, Ibrahim na zaune a ƙofar alfarwa da tsakar rana ya hangi mutum uku. Bai jira sallama ba, da gudu ya tare su. Ya kawo ruwan wanke ƙafa, ya sa Saratu ta kwaɓa gari, ya kamo maraƙi, ya tsaya a kansu suna ci, da suka tashi kuma ya yi musu rakiya. Dattijo ne mai shekaru kusan ɗari, amma duk labarin a kan ƙafafunsa yake. Zumunci a ƙafa yake, kuma muna da ƙungiyoyin da aka kafa domin wannan tafiya. Ƙungiyar Waliyi Vincent de Paul, wadda Frédéric Ozanam da abokansa ɗalibai suka fara a Faris a 1833, da Rundunar Maryamu, wadda Frank Duff ya fara a Dublin a 1921, duk a kan zuwa gidajen mutane bibbiyu aka gina su. In taro da karanta rahoton taron baya sun cinye lokacin ziyara, an bar jaki ana dukan taiki. Sunan duk wanda ya tashi aka tafa masa ya kamata ya isa hannun ɗaya daga cikin ƙungiyoyin nan, ko ƙaramar ƙungiyar unguwarsa, kafin a kulle coci a ranar.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi.

Gunaguni na farko da aka rubuta tsakanin jama'ar Ikilisiya yana Ayyukan Manzanni sura ta 6, kuma na 'yan gida da baƙi ne, a kan abinci. A Urushalima akwai masu bi iri biyu: waɗanda suka tashi a ƙasar da yaren gida, da waɗanda suka taso a ƙasashen waje suka dawo da Helenanci a bakinsu. Na biyun suka koka cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon kullum. Mai yiwuwa ba da gangan ba ne. Mai rabo ya san gidan gwaggonsa, bai san lungun da baƙuwa take ba. Manzanni ba su ƙaryata masu kuka ba, ba su ce a yi haƙuri a bar wa Allah ba. Suka ce jama'a su zaɓi mutum bakwai a danƙa musu aikin gaba ɗaya. Ku je ku duba sunayen, daga Istifanas da Filibus har zuwa Nikolas mutumin Antakiya, wanda ma ba a haife shi Bayahude ba. Duka bakwai sunayen Helenanci ne. Alama ce mai ƙarfi cewa ɓangaren da ya yi kuka shi aka miƙa wa makullin rumbu. Ba ƙarin kwano aka yi musu ba, rabon kansa aka sa a hannunsu.

Mu dubi kanmu da wannan. A farish da yawa na garuruwan Arewa akwai Misa ta Hausa da Misa ta Turanci, kuma daidai ne, kowa ya ji Maganar Allah da harshen da yake fahimta. Amma sannu a hankali sai a wayi gari da jama'a biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya. Ɗaya ta fi kuɗi, 'yan kasuwa da ma'aikata. Ɗaya ta fi yawa, manoma da leburori da masu ƙananan sana'o'i. Ba su haɗuwa sai ranar godiyar kaka, a ranar ma gasa ake yi. Ku ƙirga majalisar farish ɗinku. Wa ke riƙe da asusu, kuma shekara nawa ke nan muƙamin bai fita daga yare ɗaya ba? Wa ke karatu ranar babban idi? Mutum nawa ne a majalisa da suka zo garin nan cikin shekara goma da suka wuce? Bayan babban taron Bishop-bishop na Afirka na 1994, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa hannu a Yawunde, a watan Satumban 1995, kan takardar da ta ɗauki Ikilisiya a matsayin iyalin Allah, kuma a cikinta aka yi gargaɗi a kan ƙabilanci. Mun haddace rabin farko, muna rera shi. Rabi na biyun ne ba mu cika karantawa ba.

Kada a ce na zagi ƙungiyoyin ƙabila. Su ke nema wa sabon zuwa ɗaki, su ke kai gawa gida, sun yi abin da farish ta kasa. Tambayata ita ce, wa ke tarbar wanda ba shi da ƙungiya? Ina nufin irin Bahaushe Kirista da ya shigo da hula da kaftani aka bincike shi sau biyu, bayan Misa kuma wani ya tambaye shi, cikin raha wai, ko da gaske shi Kirista ne. A waje ana ce masa ya bar gida, a ciki ana ce masa bai iso ba. A 2023 Paparoma Francis ya kafa dayosis ta Katsina, Bahaushe, Gerald Mamman Musa, ya zama Bishop ɗinta na farko. Ya kamata labarin ya iso ƙofofinmu.

Akwai ƙofa ta biyu da ba a cika maganarta ba, tagar ofishin farish. Mutum ya zo da sassafe, mahaifinsa ya rasu cikin dare, idonsa jawur. Kafin a ce masa ya haƙuri sai a jawo babban littafi: ina katinsa, ya biya kuɗin gini, yana cikin wace ƙungiya, ai ana bin sa na shekara uku. Na san coci na buƙatar kuɗi. Janareto ba ya shan ruwa, katekis yana da iyali. Amma ranar mutuwa ba ranar karɓar bashi ba ce. A ba shi kujera, a yi masa ta'aziyya, a kira Fada, lissafi ya biyo baya in ya zama dole. Paparoma Francis ya yi gargaɗi tun 2013 kada mu mai da Ikilisiya ofishin kwastan, kuma duk wanda ya taɓa tsayuwa a irin wannan taga ya san abin da yake nufi. Haka waɗanda ba su karɓar Jibin Ubangiji saboda ba a ɗaura aurensu a coci ba, ko saboda zaman kishiya. Doka tana nan, ban zo sauya ta ba. Sai dai dokar ba ta ce a daina gaishe su ba, ba ta ce kada a je dubiyarsu in sun kwanta ciwo ba, ba ta kuma ce a riƙa nuna 'ya'yansu da baki ba.

Sai maƙwabtanmu Musulmi da ke zuwa mana biki da jana'iza. Wanda ya gayyaci mutum ya san abin da mutumin ke ci. A nemi mahauci Musulmi ya yi yanka, a ware tukunya, a kau da giya daga inda suke zaune, in azahar ta yi a nuna musu buta da wuri mai tsabta. Sanarwar da ake yi cewa Jibi na 'yan Katolika ne da suka shirya, a yi ta da murya mai laushi, ana gode wa baƙi da zuwansu, kada ta fito kamar ana korar ɓarayi. A watan Yunin 2018, a ƙauyen Nghar Yelwa da ke Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum sama da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya hana su shiga. Ana bin mu wannan bashi.

Na ga wani dattijo yana girgiza kai, na kuma san abin da zai ce: masu damfara fa? Gaskiya ne, akwai mai zagaya cocina da labarin kuɗin mota ya ɓace. Kiristan farko ma sun sha wannan. Wani tsohon littafin koyarwa da ake kira Didake, na wajen ƙarshen ƙarni na farko, ya tsara cewa a taimaki matafiyi gwargwadon hali, ya yi kwana biyu ko uku, in kuma zama zai yi kuma yana da sana'a, to ya yi aiki ya ci. Mai cewa kuɗin mota, a raka shi tasha a biya direba. Mai neman zama, a haɗa shi da mai shago ko mai gona. Benedik ma ya ware wa baƙi ɗakin girki dabam, da masu kula da shi, don kada hidimar ta hargitsa gidan. A wurinmu kuwa duk baƙon da ya sauka, mata biyar ɗin nan na Zumunta ne a gindin murhu, a ƙauye kuma matar katekis ce ke auna hatsinta ba mai mayar mata. Iyayena mata, na ga kuna murmushi. A sa kuɗin baƙi a kasafin farish, a yi jerin masu girki, maza ma su shiga.

Wanda ke son ganin abin da nake faɗa a aikace ya dubi Yola. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta kama Mubi, bayan Madagali da Michika sun riga sun faɗa hannunta. Mutane suka yi ta kwarara kudu, da yawa a ƙafa. Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe babban cocin Waliyiya Tereza da makarantu da sauran gine-ginen dayosis, dubbai suka kwana a ciki, Kirista da Musulmi, ba a tambayi katin kowa ba. Wannan karɓar mai wucewa ce, kuma an yi ta da kyau. Da aka ƙwato garuruwan yawanci suka koma. Amma wasu iyalai ba su da inda za su koma, ƙauyukansu na bakin dajin Sambisa, suka ci gaba da zama a harabar coci shekara da shekaru. A nan ne yawancinmu za mu fara gunaguni, mu ce sun cika wuri, yara na ɓata fure. Dayosis ta nemi taimako ta gina gidaje 86 a Sangere-Marghi cikin ƙaramar hukumar Girei, aka buɗe su a 2021, da makaranta da coci. Tunda akwai Musulmi cikin iyalan, aka gina musu masallaci. Wasu Kirista sun soki Bishop a kan masallacin, bai janye ba.

Farish ɗinmu ba ta da ƙarfin gina gida 86, amma zaɓen majalisa na tafe. Ina roƙon kowane shugaban ƙungiya, kafin ranar, ya kawo wa Fada sunan mutum ɗaya da bai daɗe da zuwa ba, ko wanda yarensa ba shi da yawa a cikinmu, wanda zai iya riƙe wani aiki na gaske: karatu, koyar da yara, ƙirga baiko, riƙe makullin sito. Masu ƙofa kuma mu zauna da ku da iyayenmu mata bayan an tashi, mu tsara wanda zai tsaya tare da ku ranar Lahadi mai zuwa.

Shugaban taro, na ga kana duban agogo.  A buɗe fagen tambayoyi.